Jinin da Ya Ƙi Yin Ja

Ƙarfe goma da kwata na safe aka turo tsohon daga ɗakin hoton zuciya yana ɗaga wa iyalinsa hannu. Kafin sha ɗaya leɓɓansa sun koma shuɗi kamar an shafa musu tawada, faratansa ma haka, numfashi yana neman gagararsa. A tsakanin nan abu ɗaya kacal aka ga ya taɓa bakinsa, shi ne murfin fulas ɗin shayin da matar ɗan autansa ta kawo daga gida. Cikin rabin sa'a duk wanda ke hawa na biyu na asibitin, daga masu jinya har mai sayar da ruwa a bakin matakala, ya gama yanke hukunci cewa suruka ta ba uban mijinta guba.

Shi ya sa aka kira Sajan. Abokan aikinsa Kai-a-ƙasa suke ce masa, don ba ya tafiya yana kallon fuskar mutane. Shekara ashirin ya yi yana bin sawun shanun sata a daji kafin gwiwoyinsa su gaji a maido shi gari, kuma har yanzu ya fi yarda da ƙasa a kan bakin ɗan Adam. Dalilinsa shi ne bai taɓa ganin ƙasa ta canza magana don ta ga ɗan sanda ba.

Babban ɗan tsohon ne ya tare shi a baranda, wani ƙato mai muryar da ba ta san a asibiti take ba. Kowa Yaya yake ce masa.

"Ranka ya daɗe, ba sai ka wahalar da kanka ba. Da idona na ga ta kai masa murfin baki. Minti goma ba a yi ba Baba ya koma haka!"

"Ina take?"

"Masu gadi sun rufe ta a ɗakin ajiya. Da ba su yi haka ba, wallahi da yanzu wani zancen ake."

"Mijinta fa?"

"Direban babbar mota ne, yana kan hanya, sai jibi."

Sajan ya gyaɗa kai. A ƙarshen benci ya hangi wata 'yar tsohuwa ta dunƙule cikin mayafi, ta rufe baki da gefensa, ba ta kuka kuma ba ta magana. Yaya ya ce mahaifiyarsu ce, a ƙyale Mama, ba ta cikin hayyacinta. Sajan ya ƙyale ta, kuma daga baya ya yi ta jin haushin kansa a kan haka.

Likitan matashi ne, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. A tsaye ya yi wa Sajan bayani, idonsa na kan na'urar auna iskar jini da ke gefen gadon tsohon. Hoton da aka yi wa Baba ba irin na kan ƙirji ba ne. Bututu ake zira wa mutum ta maƙogwaro a leƙa zuciya daga baya, shi ya sa ake fara fesa masa wani magani da ke kashe maƙogwaron don kada ya yi ta kakarin amai. An yi lafiya an gama lafiya, zuciyar ma ba ta nuna wani abin tashin hankali ba.

"Amma ka ga," in ji likita, ya nuna lambar da ke kan na'urar. "Tamanin da biyar. Na buɗe masa iska har ƙarshe, ta ƙi motsi. Huhunsa garau. Ban san inda iskar take zuwa ba."

Sajan bai kalli na'urar ba, don ba abin da ya sani a kanta. Tiren da ke ƙasan gado ya kalla, inda aka jefa audugar da aka goge hannun Baba bayan an ɗebi jini. Ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara.

"Likita, jinin nan na yaushe ne?"

"Yanzun nan."

"Ɗiga mini wani a kan farar takarda."

Likita ya dube shi kamar zai ce wani abu, sai kuma ya ɗiga. Suka tsaya suna kallo. Jinin launin ƙasa ne, kamar ruwan laka, kuma iska ta buge shi ta sake bugunsa bai yi ja ba.

Sajan ya taɓa ganin irinsa. Wata shekara an ce an sa wa wani garke guba, shanu tara suka faɗi rana ɗaya. Da aka yanka su, haka jininsu yake. Ya bi sawunsu baya har wani kududdufi da ruwan sama ya wanko buhunan takin zamani a ciki. Likitan dabbobi ya ce masa takin ne ke lalata jini har ya kasa ɗaukar iska, kuma sauran shanun an cece su da wata allura shuɗiya.

Bai gama ba da labarin ba likita ya dafe goshi. "Jinin ne! Ni ina can ina neman huhu da zuciya." Ya ƙwalla wa nas kira ta ruga ɗakin magani. Ya ce sau ɗaya ya taɓa karanta ciwon nan a makaranta, bai taɓa ganinsa a kan mutum ba. Taki na kawo shi, wasu rinai na kawo shi, har maganin feshin maƙogwaro yakan kawo shi in ya yi yawa, ko da yake feshi biyu da suke yi da wuya ya yi haka.

Aka ɗaura wa Baba shuɗin ruwan a jijiya. Sajan ya fito yana jin daɗi a ransa, amma daɗin bai kai shi ƙofa ba. Yaya na tsaye a bayan labule, ya ji komai, idanunsa sun yi jajir.

"Taki ka ce, ranka ya daɗe? Ka san inda yarinyar nan take aiki? Shagon takin zamani da irin shuka!"

Baranda ta ɗauka gaba ɗaya. Kafin Sajan ya ce uffan wayarsa ta yi ƙara, shugabansa ne, wani ya riga ya kai masa labari. Ya ce ƙarfe uku mota za ta zo ta ɗauki yarinyar, a rubuta yunƙurin kisa, shi ba ya son taron dangi a ƙofar ofishinsa. Sajan ya duba agogo, ɗaya saura minti goma. Da bakinsa ya ceci tsoho, da bakin nan nasa kuma ya ɗaure wata. Kuma ya san in har ta shiga motar nan a gaban mutanen nan, ko kotu ta wanke ta sau goma, sunan mai guba ba zai bar ta ba har ta mutu.

A ɗakin ajiya, a kan kwalin safar hannu, ya sami yarinyar zaune, tsakanin tsintsiyoyi da bokitai. Ba ta fi shekara ashirin da biyar ba. Ta yi kuka har ta gaji, yanzu fushi ne ya rage mata.

"Ni na ce a kawo shi asibitin nan," ta ce. "Ni na kwana uku ina lallashinsa. Satin da ya wuce an gwada hoton, ya yi ta amai a gaban mata, ya ji kunya ya rantse ba zai dawo ba. In kashe shi nake so, me ya sa zan jira sai yana gaban likita?"

"Kin ba shi shayin?"

"Ban ba shi ba, Baba Sajan. Sista ta ce kada ya sha komai sai bayan awa ɗaya, kada ya ƙware. Tun jiya da dare bai sha ko ruwa ba, yana ta nuna mini bakinsa. Leɓensa kawai na jiƙa masa."

"Wa ya taɓa fulas ɗin ban da ke?"

"Ba kowa." Sai ta ƙara da cewa, "Sai dai Mama, ita ta fara kurɓa."

"Ta sha?"

"Ai kullum ne. Shekara arba'in da huɗu ba abin da ke shiga bakin Baba sai ta ɗanɗana. Abinci, ruwa, har maganin tari sai ta lasa. Jikoki na yi mata dariya suna cewa ita ce cokalin Baba." Muryarta ta karye. "Kuma yau a gaban kowa ta ce shayina ba sukari, wai ruwan zafi na kawo. Cokali uku na zuba, Allah ne shaidata."

Ita wannan maganar sukarin ta fi mata ciwo a lokacin, har Sajan ya kusa yin murmushi. Abin da shi ya ɗauka daban ne. In Mama ta sha shayin kuma ga ta can zaune leɓenta bai yi shuɗi ba, da wuya guba ta kasance a fulas. Amma kurɓa ɗaya ba za ta rufe bakin Yaya ba, zai ce kaɗan ta sha. Dole ya nemo inda abin ya fito.

Ɗakin hoton a rufe yake tun da abin ya faru, likita ya sallami sauran masu jira. Mai shara ta ce ta goge shi ƙarfe tara, Baba ne na farko kuma na ƙarshe da ya shiga. Sajan ya hana kowa takawa. Ya kashe fitila, ya ɗaga labulen taga, ya kwantar da kansa kusa da ƙasa har hasken ya bi ta kan tayil a kwance. Mai shara ta leƙo ta ga ƙaton ɗan sanda ya yi rub da ciki, ta ja ƙofa ta koma abinta.

Ga sawun takalmin roba na nas a dama da gado, kusa da teburin kayan aiki mai taya. Ga na likita a wajen kai. A hagu kuwa, gaban wata kujera, akwai ɗan ƙaramin sawun silifas, ƙafar hagu tana ɗan jan ƙasa. Sawun bai tsaya a kujerar ba. Ya zagaya ta ƙafar gado ya je har teburin, ya dawo wajen kan mai kwanciya, ya daɗe a tsaye a nan, don tayil ɗin wurin ya yi maiƙo da ɗigon wani abu mai ƙanshin ayaba, kuma silifas ɗin ya taka shi.

A kwandon shara ya tsinci gwangwanin feshin. Ya girgiza shi a kunne, babu komai a ciki.

Nas ɗin ta zo tana share hannu, mace mai jiki da saurin baki. Da ta ga gwangwanin fuskarta ta canza.

"Sabo ne, yau da safe na ɓare shi. Sau biyu na fesa, fit, fit, ga kati na rubuta."

"Feshi biyu ke ƙarar da gwangwani, Sista?"

"Da na dawo na ɗauka zan mayar, na ji shi fayau. Na ce ko irin waɗanda ke zuwa da huji ne, na jefar." Ta tsaya cak, ta gane abin da ta faɗa.

"Da kika dawo daga ina?"

Ta sunkuyar da kai. Robar da ake sa wa mutum a haƙori don kada ya ciji bututu ce ta ƙare a ɗakin, ta sauka ƙasa ta ɗauko. Minti biyar, ko bakwai. Ta san bai kamata ta bar magani a buɗe ba, shi ya sa ba ta faɗa wa likita ba, tana tsoron aikinta.

"Wa kika bari a ciki?"

"Ba kowa."

"Sista."

"Wallahi ba kowa! Sai dai Mama, na bar ta ta riƙe masa hannu don yana tsoro."

Karo na biyu ke nan a yini ɗaya da aka ce masa ba kowa sai dai Mama. Ya kama ɓarayi da yawa yana murna, amma wannan sawun bai so ya kai ƙarshensa ba. Agogo ya nuna biyu da rabi.

A ofishin likita ya tara su, ya rufe ƙofa a kan 'yan kallo. Yaya ya tsaya ya harɗe hannuwa, nas ta jingina da bango, suruka ta zauna nesa da kowa. Mama ce ta shigo ƙarshe, kuma Sajan bai kalli fuskarta ba, ƙafarta ta hagu ya kalla tana jan ƙasa.

Ya ajiye fulas da gwangwani a kan tebur. Ya jawo kujera ya zauna a gabanta har gwiwarsa ta kusa taɓa tata, ya rage murya.

"Mama, sannu da jinya. Shayin nan da kika kurɓa ɗazu, yaya kika ji shi?"

Ta sauke mayafin daga bakinta. Leɓenta na ƙasa ya kumbura, ga shatin haƙori a jiki, jini ya bushe a kai.

"Lami ne, ɗana. Ko sukari babu."

"Mama, kin sha?" Yaya ya zabura.

"Me zai hana? Yaushe na taɓa ba Babanku abin da ban taɓa ba?"

"Leɓen nan fa, Mama, yaushe kika cije shi?" in ji Sajan.

Ta shafa wurin da mamaki. "Ni ma sai gani na yi. Ban ji ba."

"Ba za ki ji ba. Bakinki ya mutu a lokacin, shi ya sa ba ki ji sukari ba, ba ki ji cizo ba." Ya tura gwangwanin gabanta a hankali. "Wannan ma kin ɗanɗana shi?"

Ba ta yi ko ɗar ba. Fuskarta ma ta ɗan saki, irin ta wanda aka tambaya abin da ya iya.

"Na ɗanɗana mana. Yarinyar nan ta yi masa fit, fit, kamar mai rowar turare, ta fita. Ya riƙe hannuna yana rawa ya ce, ke, zan sake jin kunya yau. Na ce ba za ka ji ba ina raye. Na fesa a harshena na ji ba ɗaci, ba komai, har ƙanshi gare shi. Sai na ce ya buɗe baki, na yi masa sosai har ya ƙare. Kuma ai ya yi aiki, ko tari bai yi ba da aka sa bututun. Ko ba haka ba, likita?"

Nas ta toshe baki da hannu. Mama ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, tana jiran a ce mata ta kyauta, har idonta ya faɗa kan likita, wanda ya kasa ɗago kai. Sajan ya ga lokacin da maganar ta isa gare ta.

"Ni ce?" ta ce. "Amma ai na ɗanɗana. Na ɗanɗana, ɗana, bai yi mini komai ba."

"Ke kaɗan kika taɓa, Mama," in ji likita a sanyaye. "Shi gwangwani guda ya shiga jininsa. Laifinmu ne da muka bar shi a gabanki."

Yaya ya sauke hannuwan da ya harɗe. Ya dubi matar ƙaninsa da ya sa aka kulle da tsintsiyoyi, ya ce, "Ƙanwata..." Ba ta ko kalle shi ba, kuma Sajan bai ga laifinta ba. Tashi ta yi ta ratsa ofishin ta durƙusa gaban tsohuwar, ta kama hannuwanta ta riƙe su gam.

Ƙarfe uku daidai mota ta iso. Sajan ya sauka da kansa ya ce wa direba ya juya, babu fasinja. Shugabansa ya tambaye shi a waya to wa za a rubuta, ya ce a rubuta hatsari, sauran kuma tsakanin asibiti ne da nas ɗinsu. Sannan ya tsaya a tsakiyar baranda, ya ɗaga muryar da bai cika amfani da ita ba, ya faɗa wa duk mai kunne cewa fulas ɗin shayi ne zalla da sukari cokali uku. Mai sayar da ruwa ta ce ita dama tun farko ba ta yarda ba.

Da ya koma sama lambar na'urar ta haura casa'in da shida. Leɓɓan Baba sun dawo irin na mutane, ya buɗe ido yana neman ruwa da murya a shaƙe. Likita ya ce yanzu zai iya sha.

Suruka ta zuba shayin a murfin fulas. Kamar yadda aka saba a gidan tun kafin a haife ta, ta miƙa wa Mama da hannu biyu. Mama ta karɓa, hannunta ya kama hanyar bakinta da kansa, ya kai rabi ya tsaya. Ta daɗe tana kallon murfin. Sai ta mayar wa yarinyar.

"Ba shi da hannunki, 'yata."

Baba ya kawar da kai daga murfin, ya dubi matarsa yana yamutsa fuska. Ba wanda ya faɗa masa komai tukuna.

"Yau kuma lafiya?" ya ce. "Ba ki ɗanɗana ba."

Mama ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suka fara girgiza. Surukar ta dubi tsohon, ta dubi tsohuwar, sai ta kai murfin bakinta ta kurɓa, ta ɗago haɓar Mama a hankali ta sa mata shi a leɓen nan mai ciwo.

"Ki taɓa, Mama. Ba zai sha ba sai kin taɓa."

Tsohuwar ta kurɓa, hawaye na zuba cikin shayin.

"Akwai sukari," ta ce. "Har ya yi yawa."